Yadda za ka buga wasan labari ka sayar a Kebbi ba tare da uwar kuɗi ta nutse ba

Wanga bayani na wanda ke son ya buga wasan labari ne ya sayar ya ci riba, ba na mai son ya zauna ya yi wasa kawai ba. Ga wanda bai taɓa gani ba, abin da Turawa ke kira RPG na tebur shi ne mutum huɗu ko biyar su zauna, ɗaya shi ne jagora shina jan labari shina faɗa musu abin da ke gabansu, sauran kowa ya ɗauki mutum guda cikin labarin ya riƙa faɗin abin da mutumin nasa zai yi, in anka zo wurin da abu zai iya yiwuwa ko ya ƙi sai ƙa'idar da ke cikin littafi ta raba gardama. Ba waya, ba caji, ba data. Wanda ya fara shiga kasuwa shi ne Dungeons & Dragons a 1974, Gary Gygax da Dave Arneson sunka rubuta, kamfanin TSR ya buga a wani ƙaramin gari Lake Geneva cikin jihar Wisconsin ta Amurka, kwafi 1,000 kacal, dala 10 kowane, kuma sai da anka kusa shekara kafin su ƙare. To in a can haka abin ya fara, kai da ke Birnin Kebbi ba ka da dalilin buga dubu biyu ranar farko.

Mataki na farko: ka san wa ke fitar da kuɗi

Mutum biyar ke wasa amma littafi ɗaya ya ishe su, kuma wanda ke sayen littafin shi ne jagora. Shi ne zai karanta ƙa'ida, shi ne zai kira abokai, shi ne zai shimfiɗa tabarma, in ya gaji wasan ya mutu a unguwarsu ko da sauran huɗun na so. Duk lissafin sana'ar nan a kan wanga mutum yake. A Ingila ko Amurka mai buga wasa shina samun jagorori a shirye, nasa kawai ya janye su daga wasan wani zuwa nasa, mu kuwa nan babu su, kai za ka yi su da hannunka. Buga littafi kafin a samu jagorori daidai yake da kai homa talla garin da babu gulbi, kaya masu kyau amma wa zai saya ya yi mi da su.

Saboda haka kafin komai ka zauna ka rubuta sunayen mutum goma da ka sani ido da ido waɗanda in suna ba da labari a majalisa ake shiru. Ɗalibin Waziri Umaru Poly da ke sa ajinsu dariya, malamin Hausa a sakandare, yarinyar da ke karanta wa ƙannenta littafi da dare tana canza murya, mai shayin da ke da bakin labari. In ba ka iya cika goma ba, ba lokacin bugu ba ne tukuna.

Mataki na biyu: ka kashe maganar caca tun ba ta taso ba

Nan ne mutanenmu da sunka koyi wasan a YouTube ke tuntuɓe. Wasannin Turawa kusan duk da ɗan lido ake yin su, wani mai fuska shida wani mai ashirin, kuma kai ka san mi zai faru in dattijo ya biyo ta ƙofar gida bayan la'asar ya iske samari biyar sun yi da'ira suna jefa ɗan lido suna ihu. Ba zai tsaya tambaya ba. Kuma ba son rai ba ne kawai, akwai hadisai a Muwaɗɗa da Sahihu Muslim da sunka yi hani ga wasan nardi, malamai da yawa kuma suna sa duk wasan jefa ɗan lido a ƙarƙashin hanin ko babu kuɗi ciki. Ba aikinka ba ne ka yi jayayya da wannan, kai ɗan kasuwa ne, uban yaro shi ne mai ba da kuɗin littafi, shugaban makaranta shi ne mai buɗe ma ƙofa, ga kuma Hisba.

Ko a Amurka an yi irin wagga rigima, cikin shekarun 1980 iyaye da wasu coci-coci sunka taso wa Dungeons & Dragons da zargin tsafi da bautar shaiɗan, har TSR ta cire sunayen shaiɗanu daga bugu na biyu da ta fitar a 1989. Kamfani mai miliyoyi ya sunkuya, bare kai.

Mafita tana nan, don wasan labari ba dole sai da ɗan lido ba. Akwai Amber da ya fito a 1991 babu jifa ko ɗaya cikinsa, akwai Dread da ake yi da hasumiyar 'yan katakai, kana zare ɗaya in ta rushe mutuminka ya shiga uku. Ni abin da na fi so mana shi ne ƙwallon dabino. Kowa ya fara da bakwai a gabansa, in zai yi abu mai wuya ya biya ɗaya ko biyu ko uku gwargwadon wuyar, in ya yarda wata masifa ta faɗa wa mutuminsa cikin labari sai jagora ya mayar masa da ɗaya. Babu sa'a ciki, dabara ce da tattali, kuma kayan wasan kyauta ne a kowane gida. Karta ma ka guje ta, ko da lambobi kawai ka buga a kai, da an ga ana raba kati sunanta wot. In ka gama rubuta ƙa'idar ka kai wa malamin da ake jin maganarsa a unguwa ya duba, ka yi wasan gabansa in ya yarda. Kada ka buga sunansa a bango sai da izininsa.

Haka abin da ke cikin labarin. Dodo, gizo, ƙoƙi, ɓarayin daji na zamanin da, attajiri mai rowa, duk sun wuce. Amma kada ka sa ɗan wasa ya zama boka mai kiran iskoki da sunayensu na bori, kada ka sa wani malami ko waliyyi na gaske ya zama abin wasa, kada ka taɓa maganar 'yan bindiga na yanzu, mutane na binne 'yan'uwansu, ba abin nishaɗi ba ne.

Mataki na uku: duniya ɗaya, kuma tamu

Ba za ka iya gasa da Turawa wurin dodanni masu fuka-fuki da jarumai masu sulke ba, kuma ba ka buƙata. Kana zaune kan abin da babu wanda ya taɓa. Daular Kabi ta Muhammadu Kanta a ƙarni na 16, ganuwar Surame da har yau kufanta na nan, fadamar gulbin Kabi, masunta da gorunansu da Sarkin Ruwa, tsibiran Yawuri da tseren jirage, duwatsun Zuru, ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro da jakuna da madugu da 'yan fashi a hanya. Ayarin Gwanja kaɗai wasa ne cikakke, kowa da aikinsa cikin ayari, kowane zango da matsalarsa. Ka je gidan tarihi na Kanta a Argungu da littafin rubutu ka wuni, ka kalli makamai da tambura, mai zanenka ma ka tafi da shi. Sai dai sarakuna na gaske ka bar su a nesa cikin labari, a ji sunansu kada a sa musu magana a baki, zuri'arsu na nan kan karaga. Ka ƙirƙiri naka ƙauyuka da naka hakimai.

Ka zaɓi ɗaya ka tsaya kanta. Abin da ya taimaka wurin kashe TSR ke nan, ta riƙa fitar da duniyoyi kala-kala, Forgotten Realms, Dragonlance, Ravenloft, Dark Sun, Planescape, masu saye ba su ƙaru ba sai dai sunka rarrabu, kowane littafi kuɗin bugunsa na nan amma masu sayensa sun ragu. A 1996 dillalinsu Random House ya dawo musu da tulin littattafan da ba su sayu ba, sunka kasa biyan madaba'a, a 1997 Wizards of the Coast ta saye kamfanin, ita ma Hasbro ta saye ta a 1999. Wanda ya ƙirƙiro sana'ar gaba ɗaya kwantai ya ci shi.

Mataki na huɗu: ƙa'ida, taka ko ta aro

Kana iya aro da halas. Wizards ta fitar da lasisin OGL a 2000, takardar izini ce da ta ba kowa damar gina wasa kan ƙa'idarta ta D&D (Dungeons & Dragons), da shi kamfanin Paizo ya yi wasan Pathfinder a 2009. A Janairun 2023 Wizards ta so ta canza lasisin, jama'a sunka yi mata ca, ta janye har ta saki takardar ƙa'idar SRD 5.1 ƙarƙashin Creative Commons, wani lasisin kyauta ga kowa wanda ba a iya janyewa. Fate na kamfanin Evil Hat shi ma a buɗe yake. Sharaɗi dai ka rubuta inda ka ɗauko yadda lasisin ya ce, kuma sunan wasansu da tambarinsu da zanensu ba naka ba ne. Fassara littafinsu sukutum zuwa Hausa ka sayar sata ce.

Amma shawarata ka rubuta taka gajera. Dungeons & Dragons manyan littattafai uku ne kowane kusan dala 50, ɗaruruwan shafuka, babu jagoran da za ka samu a Jega da zai haddace wannan kafin ya fara. Ƙa'idar da ba a iya bayaninta cikin minti biyar ta yi tsawo.

Mataki na biyar: gwaji, bakinka a rufe

Ka buga kwafi biyar a shagon fotokwafi, baƙi da fari ba zane. Ka ba ɗaya daga cikin mutum gomanka ya kwana biyu da shi, sannan ya tara abokansa ya ja wasan, kai kuma ka koma gefe da biro, ko an tambaye ka kada ka amsa, don ranar da littafin ya je Kamba ba ka tare da shi.

Ga irin abin da za ka gani. Jagora ya ce kuna cikin kwalekwale a gulbin Matan Fada na Argungu, hantsi ya yi, sai ga gora na yawo saman ruwa babu mai ita, igiyarta a miƙe kamar wani abu na ja daga ƙasa. Ɗaya ya ce wallahi faɗawa zan yi, ɗaya ya ce kai mahaukaci ne mu koma mu kira Sarkin Ruwa, wuri ya ɗauki zafi, sai jagora ya tsaya ya lashi yatsa shina buɗe shafi, ya wuce ya dawo, shina neman nawa ake biya in mutum zai nutsa, minti ɗaya, biyu, na gefe ya zaro waya ya shiga TikTok. Wanga wuri da anka zaro waya shi za ka rubuta. Ko ƙa'idar ba ta nan, ko tana inda ba a ganin ta. Kada ka tambaye su ko wasan ya yi daɗi, kunya za ta sa su ce ya yi, ka bari ka ga ko za su nemi a sake mako mai zuwa ba ka roƙa ba. Ka gyara ka ba wani jagoran daban, da na mata daban, da na 'yan sakandare daban.

Mataki na shida: takardu

Ka yi rijistar sunan kasuwanci da CAC, ana yi ta intanet, da ita za ka buɗe asusun banki da sunan kamfani don makarantu ba su son tura kuɗi asusun mutum. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake karɓa, kuma doka ta ce ka ajiye musu kwafi uku. Mai zane da mai gyaran rubutu ku rubuta yarjejeniya ko ta shafi ɗaya ce, a faɗi zanen na waye bayan an biya, ko da ƙanenka ne, musamman ma in ƙanenka ne.

Mataki na bakwai: lissafi da madaba'a

Kayan farko ya zama ƙarami, A5, shafi 48 ko 64, ciki baƙi da fari, bango mai kala da leda, ɗinkin sitefula. Yawan shafi dole huɗu ta raba shi, in babban inji ne ma 16 sunka fi so. Ciki a samu ƙa'ida, mutane shida da anka riga anka tsara don kada a ɓata daren farko wurin cike takarda, taswira ɗaya, da labari uku da jagora zai ja kai tsaye.

Bari in sa lambobi na misali, kai ka musanya da farashin ranar da za ka buga don takarda ba ta kwana kan kuɗi ɗaya. A ce zane da tsara shafi da gyara sun ci naira 200,000, madaba'a ta ce 1,500 kowane kwafi 200, ya zama 300,000, jimla 500,000, kowane littafi ya tsaya ma 2,500 ke nan. In ka sa 5,000 kuma hannu da hannu kake sayarwa, sai ka sayar da 100 kafin uwar kuɗi ta dawo. In ta shago ne mai shago na cire kashi 30, 3,500 ke zuwa hannunka, sai 143. Ka cire 20 da za ka ba jagorori kyauta, ka ga abin da ya rage. Turawa kan sa farashi ninki biyar na kuɗin bugu don dillali a can shina saye da ragin kusan kashi 60, kai ba ka da dillali, amma kada ka sauka ƙasa da ninki biyu na abin da littafi ya tsaya ma wai don tausayi, tausayin nan shi zai hana bugu na biyu.

Kuɗin bugu kuma ba daga aljihunka ya kamata su fito ba. A waje shafin intanet na tara kuɗi mai suna Kickstarter ake yi, mutane su biya kafin a buga, Avatar Legends na Magpie Games ya tara sama da dala miliyan 9 a 2021 ta haka. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake buɗe kamfe daga cikinsu, amma dabarar ba ta Kickstarter ba ce, marubutan littattafan Hausa na WhatsApp sun daɗe suna yi, a biya a shiga guruf. A misalinmu mutum 60 su biya 5,000 kuɗin madaba'a sun fito. Ka faɗi rana, ka ƙara wata guda kan abin da madaba'a ta faɗa ma, ka buga sunayen waɗanda sunka biya a shafin ƙarshe, mutanenmu na son wannan ƙwarai. Kuɗin nan amana ne, kada su taɓa hidimar biki ko kuɗin taki, in ba a kai adadi ba ka mayar wa kowa nasa cikin mako.

Ɗan kaɗan irin 100 ko 200 injin DI, mai bugawa kai tsaye daga kwamfuta, ya fi, a Birnin Kebbi ko Sakkwato za ka samu, babban inji mai faranti sai ka haura ɗari biyar yake sauƙi, shi kuma Kaduna ko Kano ko Shomolu a Legas. Duk inda ka je kada ka biya cikon kuɗi sai ka riƙe kwafin gwaji a hannu. Ka buɗe shi ka nemi ƙ da ɗ da ɓ, don mai aiki da CorelDraw in bai da irin rubutunka a kwamfutarsa sai ya musanya, ka iske duk inda ƙugiya take ya zama ɗan akwati ko ya ɓace, ƙasa ta koma asa, ɗaki ya koma aki, kwafi ɗari biyu. Ka kai aikin a PDF da rubutun a liƙe ciki. Ka ɗaga shafi sama ka ga ko baƙin zanen baya na hudowa, in shina yi takardar ta yi sirara, a koma giram 80. Ka lanƙwasa bango ka ga ko leda na tashi. Ranar ɗauka ka ƙirga da kanka.

Mataki na takwas: talla, wato kiwon jagorori

Fosta da sitika ba su sayar da wanga kaya, wanda bai taɓa zama anka yi da shi ba ba zai gane mi kake sayarwa ba ko ka yi masa bayani awa guda. Zama ɗaya ke sayarwa. Don haka kuɗin tallarka su tafi ga zama.

Ka ware takarda ɗaya gaba da baya, ƙa'ida a taƙaice da labari guda na minti arba'in, kyauta, a PDF mara nauyi da kuma bugagge, duk wanda ya so ya yi fotokwafi ya yi. Kamfanonin waje ma haka suke, har rana gare su ta rabon irin wannan kyauta a shaguna tun 2007. Sannan ka sa rana ɗaya a mako wuri ɗaya da ba ya canzawa, bayan la'asar a tashi kafin magariba, ko bayan isha'i, kiran salla na yi a miƙe, wannan kaɗai na wanke ka wurin manya. A kowane zama idonka na kan wanda ya fi kowa zaƙewa, mai gyara wa jagora labari, shi ne jagoran gobe. Ka ja shi gefe, ka ba shi littafi kyauta da sharaɗin ya ja wasa sau uku da mutanen da ba ka sani ba, ka sa shi guruf na jagorori kaɗai inda kake tura musu sabon labari kafin kowa, kuma duk littafin da ya sayar shina da kaso. Jami'ar Tarayya da ke Kalgo, jami'ar jiha da ke Aliero, kwalejin Adamu Augie a Argungu, kowace ka samu mutum biyu, in anka yi hutu su za su kai wasan garuruwan da ƙafarka ba za ta taka ba.

Mata kada ka bar su a baya, su ne sunka riƙe kasuwar littafin Hausa tun zamanin da ake haya har yau da ake karatu a waya. Ba za su zo majalisar maza ba, jagora mace za ka samu ta ja a cikin gida ko a guruf ta saƙon murya, ta faɗi abin da ke faruwa kowa ta amsa da nata. In kana da 'yar'uwa ko matarka na da sha'awa, wanga ɓangare ka bar mata shi gaba ɗaya da kasonta.

Sai bidiyo. Abin da ya ƙara tayar da wasan a duniya shi ne mutane na kallon wasu na yi, wasu 'yan wasa na Amurka masu suna Critical Role sun fara nuna nasu a intanet a 2015, zuwa 2019 sunka tara sama da dala miliyan 11 don yin katun na labarinsu. Su suna awa uku ko huɗu, kai data ba ta bari, ka yanko minti ɗaya ko biyu inda anka fashe da dariya ko anka yi tsit, ka sa a TikTok da Facebook da status. Sauti ya fi hoto muhimmanci, ka nisanci janareta. Cikakken zaman kuma ka sa shi a murya kawai, masu sauraren littattafai a YouTube sun saba.

Makarantu masu zaman kansu su ne cinikin da ya fi kauri, don kwafi goma ko ashirin suke ɗauka lokaci guda. Kada ka shiga ofishin shugaba da kalmar wasa a bakinka, ka ce ranka ya daɗe kayan koyar da Hausa da tarihi ne da iya magana gaban jama'a, ka roƙi minti talatin da aji ɗaya ya tsaya ya gani.

Lokaci ma na da nasa. Fitar da kaya ya dace da hutun makaranta ko bayan an yanke shinkafa kuɗi na hannun mutane. Bikin kamun kifi na Argungu da ya faro tun 1934, UNESCO ta sa shi cikin jerinta na al'adun gado a 2016, wuri ne mai kyau na kafa rumfa, sai dai ba kowace shekara ake yi ba, bayan na 2009 sai 2020 anka sake, don haka kada ka ɗaura bashin madaba'a a kansa.

Mataki na tara: PDF

Za a tura shi guruf-guruf ranar da ka sayar da na farko, babu makullin da zai hana. Ka sa shi da araha, ta shafin sayarwa na Selar ko turawa kai tsaye, ka sa lambarka da sunan kamfani a ƙasan kowane shafi, wanda ya samu na banza ya ja wasa da shi ya yi ma talla, kuɗinka na cikin bugagge da taswira babba da zaman horo. Kuma kada ka ajiye kayanka a manhaja ɗaya, manhajar sayar da littattafai ta OkadaBooks ta rufe a ƙarshen 2023, lambobin masu sayenka su kasance a littafinka.

Mataki na goma: kai kaya

Mai shagon littattafai zai ce ka ajiye in an saya ya biya. Ka yarda amma biyar kawai, a rubuce, ka dawo bayan wata, in ya biya ka ƙara. Na nesa kuma tasha, ka naɗe da leda biyu saboda ruwa da man ja, ka rubuta lambar mai karɓa da babban baƙi, ka ɗauki hoton motar da lambar direba, ka ba motar safe ba ta yamma ba, kowa ya san halin hanya yanzu. Kuɗin mota na mai saye ne, ka faɗa tun farko. Kada ka manta da ƙetaren iyaka, daga Kamba zuwa Gaya da Doso da Dogon Dutsi Hausa ake ji, jagora ɗaya a can ya ishe ka farawa, ku daidaita farashi da sefa.

Mataki na ƙarshe: bayan littafin farko

Jagora in ya ja labari ukun nan ya gama, hannunsa ya zama wayam, nan ne yawanci wasa ke mutuwa. Kada ka yi tsallen sabon wasa, ka riƙa fitar da ƙananan labarai cikin duniyar nan ɗaya, shafi 8 ko 12, duk wata ko wata biyu, da araha, su ne cefanen kamfani. Jagororin da sunka goge ka ba su dama su rubuta, ka biya su ka sa sunansu a bango.

Kasuwar waje ta jira sai ta gida ta tsaya. In lokaci ya yi a fassara zuwa Ingilishi a sa a shafukan sayar da wasanni irin itch.io ko DriveThruRPG, na biyun na barin ma kashi 65, ko 70 in wurinsu kaɗai kake sayarwa, amma ka tabbatar da hanyar da kuɗin za su iso asusunka kafin ka ɗora komai. A gida kuma akwai NIBCARD Games a Abuja masu buga wasannin tebur, su ke shirya taron wasannin tebur na AB Con, sun ci kyautar Diana Jones ta masu harkar wasanni a 2021, taron ya cancanci kuɗin mota ko don ka ga yadda wasu ke haɗa kwali da farashi.

Bugu na biyu kuwa ba yawan abin da ka sayar kaɗai zai yanke shi ba, don kwafin farko 'yan'uwa da abokai ne sunka saya don kara. Ka buɗe littafin da kake rubuta jagorori, ka kira su ɗaya bayan ɗaya, tambaya guda, yaushe rabonka da jan wasa. Waɗanda sunka ja cikin wata guda da ya wuce su ka ƙirga, ka tambayi kowane mutum nawa cikin 'yan wasansa ke son nasa kwafi, ka haɗa da odar makarantu da ke hannu a rubuce, ka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kai, adadin da za ka kai madaba'a ke nan.